Busa Uku a Bayan Adabka

Aiken ba wani babban aike ba ne. Inna Marka ce ta ce wa ɗanta Faruku ya hau babur ya tafi wata tunga can bayan Adabka, ya ɗauko mata yayanta Namadi. An yi shela likitocin ido za su zo Gummi ranar Litinin su cire wa tsofaffi yanar ido, shi kuwa Namadi shekara biyu ke nan idonsa ya rufe, iyakarsa ya bambance rana da dare. Lokacin nan daji bai lalace ba tukuna. Mutum kan ratsa shi ba ya tunanin kowa sai maciji.

Faruku malamin firamare ne, kuma yana da kirki, ba ya wuce tsoho da kaya bai karɓa ba. Aibinsa guda ne: in ya karanta abu, to kunnen kowa ya shiga uku. A shekarar ya sayo wani littafin Turanci a Sakkwato, mai hotuna, wai yana koya wa mutum yadda zai rayu in ya ɓata a daji. Har 'yar jaka ya haɗa saboda littafin: ashana, igiya, wuƙa, usur irin na 'yan ƙwallo, da wani ɗan abu kamar agogo mai allura guda da ke nuna arewa. Mutumin da iyakar dajinsa gonar shinkafarsu ta fadama.

Ya isa tungar da azahar. Aka dama masa fura, ya sha, ya yi salla. Da ya ɗauki tsohon a lokacin, da babu labari. Sai ya ga maza sun taru gindin marke, ya zaro littafi.

Namadi yana zaune a kan buzu, ɗan gatarinsa a cinya. Shekara hamsin ya yi yana ɗaura amya a dajin nan yana ɗebe zuma, babu itacen da bai hau ba. Faruku ya ci sunan mahaifin Namadi ne, don haka tun ranar suna Namadi bai taɓa buɗe baki ya faɗi sunan nan ba. Uba yake ce masa.

"Kawu," in ji Faruku, yana kaɗa littafin, "duk abin da kuka yi shekara hamsin kuna koyo da ƙaya a ƙafa, ga shi nan an tattara cikin shafi ɗari."

"Madalla, Uba. Shi mai littafin, zuma ta taɓa harbinai?"

Maza suka fashe da dariya. Faruku ya ji zafi, ya daɗa ɗaga murya.

"Ya ce in ka ɓata, abu na farko ka tsaya wuri guda. Kada ka yi ta yawo."

"Wanga ya yi gaskiya," in ji tsohon.

"Sannan ka busa usur sau uku, masu nemanka su ji."

A nan Namadi ya dai shafa bakin gatarinsa.

Sai bayan la'asar suka tashi. Ƙarshen damina ne, gamba ta fi mutum tsawo, ƙasa tana da danshi. Da suka zo inda hanya ta rabu biyu, Faruku ya tsaya ya duba allurarsa. Babbar hanya ta yi kwana ta zagaya. Wata siririya ta miƙe yamma sak.

"Mi ya sa ka tsaya?" in ji tsohon daga baya.

"Za mu yanke, Kawu. Rana ta yi."

"Bi ta mutane, Uba. Ta hi nisa amma ta hi sauri."

"Kawu, ka bar ni da aikina. Kai dai riƙe ni da kyau."

Tsohon ya riƙe shi da kyau.

Sun yi tafiya mai ɗan nisa, ciyawa tana dukan gwiwoyinsu, hanya tana ƙara sirancewa har ta koma kamar ta awaki. Rana ta yi ja ta sauka kan itatuwa. Sai suka ji ƙaras. Babur ya yi kuka ya tsaya. Sarƙa ta tsinke, ta zube a ƙasa kamar mataccen maciji.

Faruku ya durƙusa ya juya ta, ya sake juya ta. Babu abin ɗaurawa. Ya zaro waya, babu sabis ko ɗigo.

Namadi ya sauko a hankali, ya lalubi ƙasa ya zauna. Ya ɗaga hanci sama kamar mai shaƙar miya. Ya ɗebi ƙasa ya murza, ya sansana.

"Na gane wurin. Akwai burtali hannun dama, bai kai tafiyar shan fura ba. Shi za mu bi, ya kai mu rugar Modibbo. Kama hannuna mu tahi tun da sauran haske."

"Allura ta ce gari yana gabanmu."

"Allura ba ta taɓa kwana nan ba. Kuma ji nan, Uba." Ya rage murya. "Wurin ga yana da masu shi. Ba su da mugunta in ba a taɓa su ba. Magana ƙasa-ƙasa. Abin busar ga naka, bar shi cikin jaka."

Ku da kuke karatu, kada ku ce da ku ne da kun ji maganar tsoho. Mutum in an yi masa dariya da rana, yana neman inda zai rama kafin dare. Faruku ya tuna mazan nan na gindin marke. Ya ga kansa gobe ana cewa makaho ne ya jawo malamin makaranta daga daji, da littafinsa da allurarsa. Ya sa hannu a jaka.

Ya busa. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

Bai tsaya nan ba. Ya sa tafin hannu a baki ya kwarara ihu: "Jama'a! Malam Faruku ne daga Gummi! Muna nan!"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Innalillahi," ya ce, can ƙasa.

Shiru.

Sai daga gabas, nesa, aka busa. Sau uku.

"Ka ji ko, Kawu!" Faruku har da tsalle. "Mutane ne! Sun amsa!"

"Uba. Wa ke da usur cikin dajin ga in ba kai ba?"

Kafin ya sami amsa, aka sake busawa. Wannan karon daga bayansu. Kusa.

Gyare ya daina kuka. Kwaɗin da ke ta surutu a wani tafki suka yi tsit lokaci guda, kamar an rufe su da faifai. Iska ta tsaya.

Sai ƙanshi ya zo. Miyar kuka da daddawa, tana tafasa. Hayaƙin kara. Can ciki aka fara daka, tabarya biyu a turmi guda, dum-dum, dum-dum. Wata mace ta yi dariya. Jariri ya yi kuka aka lallashe shi.

"Akwai gari," in ji Faruku.

"Babu gari."

"Ina jin daka, Kawu."

"Ni ma ina ji. Babu gari. Tayar da ni."

Ya tayar da shi. Tsohon ya soke gatari a ɗamara, ya damƙi hannun Faruku na hagu da hannu biyu. Tafin Faruku ya jiƙe sharkaf da zufa, yana rawa.

"Hannun dama. Taka a hankali. Kada ka dubi komi."

Taku uku suka yi.

Gamba ta dare a gabansu, ba iska.

Wani mutum yana tsaye.

Rigarsa ruwan ƙasa ce, irin ta Faruku. Hularsa irin ta Faruku, har da karin da yake yi mata a gefe. Da 'yar jaka a kafaɗa. Ya riƙe littafi a buɗe, amma a juye, ƙasa a sama. Kansa a sunkuye kamar mai karatu.

Ya ɗago.

Fuskar da Faruku ke gani kullum a madubi ce. Sai dai idon ba ya ƙiftawa.

Ya buɗe baki. Babu usur a bakin. Busar ta fito daga maƙogwaro.

Ɗaya.

Biyu.

Nan ne wurin da ya fi wuyar faɗi, amma in ba a faɗa ba labarin bai da amfani. Faruku ya ja da baya. Tsohon yana riƙe da shi. Ya fizga, tsohon bai saki ba, domin makaho in ya saki hannu a daji me ya rage masa? Sai Faruku ya sa ɗaya hannun ya ɓamɓare yatsun kawunsa. Ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin yatsan ya ƙi, ya lanƙwasa shi baya har ya ji ƙas.

Tsohon bai yi ƙara ba.

Faruku ya ruga.

Ya bar shi tsaye, hannu a miƙe.

Bai san inda ya nufa ba. Ciyawa tana yankar fuskarsa, ƙaya ta tsinke masa takalmi, jaka ta maƙale a wani reshe ya bar ta. Ya yi gudu har ƙirjinsa ya ɗauki wuta, saiwa ta harɗe shi, ya kife cikin laka.

Ya kwanta yana haki. Jan rana ya ƙare, sauran wani toka-toka a sama. Wani wuri a duniya ana kiran sallar magariba.

A nan hankalinsa ya dawo, kuma bai zo masa da daɗi ba. Ya ga Inna Marka a ƙofar gida tana cewa ina yayana. Ya ji ƙas ɗin nan a cikin tafinsa. Ya tura fuska cikin laka ya yi kuka kamar yaron goye, gardi mai shekara talatin da biyu.

"Faruku."

Ya ɗaga kai.

Muryar Kawu ce. Daga hagu, bayan wata tsamiya. A raunane, tana rawa.

"Faruku, zo ka ɗauke ni. Na hwaɗi. Ƙahwata ta karye."

Ya miƙe. Wallahi ya miƙe, har ya yi taku biyu, har ya buɗe baki zai ce na'am.

"Faruku, ɗan ƙanwata. Ba ni fushi da kai. Zo."

Bakin ya tsaya a buɗe.

Kawu ko a mafarki ba zai faɗi sunan ubansa ba. Ranar da Faruku ya faɗa rijiya yana ɗan shekara bakwai, Kawu ne ya leƙa yana ihu, kuma ko a ranar Uba ya kira.

Ya rufe bakinsa da hannu biyu.

"Faruku."

Yanzu muryar ta matso. Ba ta rawa kuma.

Sai can hannun dama, nesa, ya ji wani abu daban. Ƙwal. Shiru. Ƙwal. Ƙarfe a kan ƙarfe. Ba sauri, ba fasawa, kamar maƙeri mai haƙuri.

Ya zube ƙasa. Da rarrafe ya bi ƙarar. Yana jan Ayatul Kursiyyu tana tsinkewa a tsakiya, ya koma farko, ta sake tsinkewa. A bayansa ciyawa tana motsi daidai da motsinsa. In ya tsaya ta tsaya.

Ƙwal.

Wani numfashi mai sanyi ya taɓa ƙeyarsa.

Ƙwal.

Hannunsa ya dafa taya.

Namadi yana zaune a ƙasa, ya jingina bayansa da babur, yana buga bakin gatari a ƙarfen babur ɗin da hannun hagu. Hannun dama yana cinya, ƙaramin yatsa ya kumbura ya karkace. Leɓensa yana motsi.

Faruku ya matso. Ya kife a gabansa.

Tsohon ya ajiye gatari, ya lalubo hannunsa, ya riƙe, ya ɗan jima yana riƙe da shi. Sannan ya saki numfashi.

"Uba."

"Kawu, ni..."

"Ba yanzu ba. Littafinka ya ce a tsaya wuri guda, na tsaya. Duƙa in hau."

Ya goya shi. Tsohon bai fi nauyin damin gero ba. Ya sa baki a kunnensa yana raɗa.

"Dama. Ƙara dama. Mi kake takawa?"

"Laka."

"Ci gaba. Yanzu hwa?"

"Ta yi tauri. Akwai ramuka ƙanana."

"Kofato ne. Ka hau burtali. Iska ta bugi kuncinka na hagu, kada ka bari ta koma goshi."

A bayansu akwai taku. Takun mutum guda, mai takalmi ƙafa ɗaya, kamar Faruku.

"Kawu, yana biye."

"Na ji shi. Ƙasarsu ce, rakiya yake yi. Kada ka waiga."

Aka busa a daidai kunnensa na dama.

Faruku ya yi tangaɗi. Tsohon ya matse shi da gwiwa kamar mai hawan jaki.

"In za ka gudu, wanga karo da ni za ka gudu."

Bai gudu ba. Ya taka, ya taka, hawaye yana shiga masa baki. Warin kashin shanu ya fara zuwa, ɗanye. Sai hayaƙi, na gaske, mai sa tari. Sai kare ya yi haushi, wani ya taya shi. Wata saniya ta yi kuka.

Takun ya tsaya.

Modibbo da kansa ya fito da tocila, dattijo dogo, yana tsawata wa karnuka. Ya haska su ya ce, "Namadi? Kai ne da almurun ga? Jaɓɓama, ku shigo." Ya dubi yatsan, ya dubi Faruku da ke laka tun daga hula har ƙafa. Ya sa aka kawo madara mai ɗumi, ya ɗaure yatsan da tsinken kara. Ko isha ba a yi ba. Duk abin nan tsakanin la'asar sakaliya ne da bayan magariba.

Da safe mutum huɗu suka je ɗauko babur. Suka tarar da jakar a rataye a hannun babur, an zuge ta tsaf. Littafi yana ciki, da ashana, da igiya, da allura. Usur ne kawai babu.

Wahalar Faruku kuwa a Gummi ta fara. Namadi ya gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa cewa Uba ne ya goyo shi tun daga tsakiyar daji har ruga. Ba ƙarya ya yi ba, rabi ya faɗa. Inna Marka ta yi ta sa albarka har muryarta ta dushe, ta yanka masa zakara. Liman ya dafa kafaɗarsa a ƙofar masallaci ya ce samari su yi koyi. Kowace albarka kamar a ɗora masa dutse. Naman zakaran nan ko yanka guda bai wuce masa ba. Da ma'aikaciyar asibiti ta tambayi abin da ya sami yatsan, tsohon ya ce, "Tsuhwa ce, ɗiyata," Faruku ya fita waje ya tsaya yana kallon bango.

Aka yi aikin ido ranar Litinin. Washegari aka kwance bandeji. Inna Marka tana gefen gado, Faruku yana can bakin ƙofa kamar wanda ya zo biko. Tsohon ya ƙifta, ya ƙifta, ya dubi ƙanwarsa ya ce ashe ta tsufa haka ba a gaya masa ba. Sannan ya juya.

"Matso in gan ka, Uba."

Faruku ya zo ya durƙusa. Bai iya ɗaga ido ba. A gaban uwarsa, da sauran marasa lafiya, da masu jinya, ya faɗi duka. Busar, da gudun, da yatsan. Inna Marka ta sa gefen zane ta rufe baki. Ta matsa daga kusa da shi.

"Kawu, na bar ka. Ni na karya maka yatsa."

"Ai ina wurin," in ji tsohon.

Wani a gadon gefe ya yi dariya, ya haɗiye ta.

"Marka, bar hararar yaro, ki ji sauran. Shi ma bai sani ba." Ya gyara zama. "Da ka tahi, ban daɗe tsaye ba aka kama hannuna. Hannunka ne, Uba. Tsawon yatsun, da zoben ga naka na azurfa. Murya ma taka. Ya ce, Kawu yi haƙuri, na dawo, mu tahi gida. Na ji daɗi. Har na bi shi taku biyar."

Ya ci gaba.

"Sai na ji hannun a bushe yake. Ba zufa. Ba ya rawa ko kaɗan, kamar hannun mai zuwa kasuwa. Na ce a raina, a'a. Wanga ba ya jin tsoro. Ɗan ƙanwata kuwa matsoraci ne tun yana ƙarami, ko ɗan tsako ya bi shi sai ya yi ihu. Na zare hannuna, na koma da baya ina ƙirga taku har na taɓa babur."

Ya miƙo hannun mai karyayyen yatsa, ya kama na Faruku. Yana rawa har yanzu, ya jiƙe.

"Yauwa," ya ce. "Wanga shi ne nawa."

Yatsan bai koma daidai ba, a karkace ya warke. Inna Marka ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwar ɗanta sai da ka. Littafin yana nan, Faruku bai ƙone shi ba, ya ce rabin abin da ke ciki gaskiya ne, sauran rabin ba don dajinmu aka rubuta ba. Daga shekarar, duk hutun makaranta yana tunga, yana bin tsohon da amya a ka, shi ke hawa itace, Kawu yana ƙasa yana yi masa faɗa. Ya koyi sansanar ƙasa, ya koyi rufe baki. Tsoro dai bai bar shi ba, in la'asar ta yi a daji hannunsa rawa yake yi. Amma har Allah ya karɓi ran Namadi, in suna tafiya, Faruku ne ke riƙe da shi, kuma tsohon sai ya ce, "Sassauta, Uba, za ka karya mani na biyu."